Me ya sa ƙananan motocin yanzu suka yi ƙiba haka?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Kwanan baya na ga Golf ta farko, ta shekarun 1970, an faka ta kusa da Polo ta yanzu, sai na ga Polon ta fi ta girma, alhali Polo ce ƙanwa. Idona ne, ko kuwa da gaske ƙananan motoci sun ƙara girma da nauyi? In haka ne, me ya jawo, tunda kullum ana cewa an samu ƙarfe mara nauyi, kuma ana son rage shan mai? Sannan mai son ƙaramar mota ta gaske, ina mafita gare shi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ba idonka ba ne. Golf ɗin da kamfanin Volkswagen ya fitar a 1974 tsawonta mita 3.7 ne, faɗinta mita 1.61, nauyinta wajen kilo 800. Polon da aka fitar a 2017 ta haura mita 4 a tsawo, faɗinta mita 1.75, nauyinta ya wuce tan ɗaya. Ita kuwa Golf zubi na takwas, ta 2019, ta kai mita 4.28, kuma mafi rashin nauyi a cikinsu tana wajen kilo 1,250. Ƙanwar ta wuce inda yayar ta fara, yayar kuma ta yi gaba abinta.

Tambayarka uku ce a dunƙule: ko abin ya tabbata, me ya kawo shi, da kuma abin da mai saye zai yi. Ta farkon ba ta da gardama, domin ba Volkswagen kaɗai ba ne. Mini ɗin da Alec Issigonis ya zana a Ingila, wadda ta fito a 1959 bayan ƙarancin man da rikicin Suwez na 1956 ya haddasa, tsawonta mita 3.05 ne, nauyinta wajen kilo 600, tayoyinta inci 10, kuma manya huɗu ke zama a ciki. Da BMW ya farfaɗo da sunan a 2001, motar ta zo da mita 3.6 da nauyin da ya wuce tan ɗaya. Fiat 500 ta 1957 ba ta cika mita 3 ba, nauyinta kusan kilo 500. Ta 2007 mita 3.55 ce, mai lantarkin da ta fito a 2020 kuma ta tasar wa kilo 1,300. Corolla ta 1966 mita 3.85 ce da kilo 700 ko kusa da haka, ta yanzu mai but ta haura mita 4.6, nauyinta kuma ya kusa ninkawa.

Ka riƙe waɗannan alƙaluma a matsayin ƙiyasi na kusa. Mota ɗaya takan zo da injuna daban-daban da kaya daban-daban, kuma a Turai akwai hanyar awo da ke haɗa kilo 75 na direba cikin nauyin motar, akwai wadda ba ta haɗawa. Shi ya sa za ka ga littattafai biyu sun ba mota ɗaya nauyi biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Kariya daga hatsari

Duk wanda ka tambaya, nan zai fara nunawa, kuma yana da gaskiya, sai dai ba duka gaskiyar ke nan ba. Aikina ya fi karkata ga duba motocin da suka yi hatsari da kula da gyaran bodi, saboda haka bari in nuna maka ƙofa. Ƙofar ƙaramar motar shekarun 1970, in ka cire kwalin da ya rufe cikinta, falankin ƙarfe biyu ne, sai gilashi, sai ɗan ƙarfen da ake murzawa a ɗaga gilashin, sai makulli. Tsakanin kafaɗar direba da waje bai fi faɗin tafin hannu ba, kuma mutum ɗaya na iya kwance ta ya ɗauka ya jingine. Ƙofar yanzu kuwa akwai sandar ƙarfe mai tauri da aka gitta a cikinta don ta tare motar da ta soko daga gefe, akwai soso mai kauri daidai ƙugu, akwai ɗan injin lantarki na ɗaga gilashi, da na makulli, da na madubi, da sifika, da damin wayoyi, da roba biyu ko uku ta hana ƙara da ruwa, wani lokaci har da na'urar da ke jin matsin iska a cikin ƙofar don ta sanar da jakar iska cewa an doke ta. In za a kwance ta, mutum biyu ake kira. Wannan kaurin kuma ba a cikin ɗakin motar ake cire shi ba, waje ake turo shi, shi ya sa faɗi ya ƙaru.

Tunanin a bar gaban mota ya murƙushe don ya shanye ƙarfin karo, ɗakin fasinja kuma ya tsaya daram, tsoho ne. Béla Barényi na kamfanin Mercedes ne ya yi masa rajista tun farkon shekarun 1950. Amma murƙushewa tana son fili: in babu tsawo tsakanin bamba da ƙafar direba, babu abin da zai murƙushe sai ƙafar. Ƙananan motoci sun daɗe suna kauce wa wannan lissafi, har zuwa 1997 da hukumar Euro NCAP ta fara buga motoci da bango tana wallafa sakamako da taurari kowa ya gani. A zagayen farko Rover 100, wadda asalinta Metro ce ta 1980, tauraro ɗaya ta samu, kuma ba a yi nisa ba aka daina ƙera ta. Kamfanoni suka ɗauki darasi nan take. A 2001 Renault Laguna ta zama ta farko da ta samu taurari biyar, daga nan duk mai ƙaramar mota ya shiga neman nasa. A shekarar 1997 ɗin dai Mercedes A-Class ta kife a gwajin kauce wa dabba a Suwidin, abin da ya sa aka saka mata na'urar hana santsi, wadda daga baya ta zama dole a kan duk sabuwar mota a Tarayyar Turai tun 2014. Sai dokar kare masu tafiya a ƙasa, wadda ta fara aiki a 2005, ta sa aka riƙa barin rata tsakanin bonet da injin, don in kan mutum ya bugi bonet ya samu inda zai lotsa. Bonet ya ɗaga, gilashin gaba ya bi shi, kujera ta bi gilashi, rufi ya bi kujera.

To amma ga inda wannan bayani ya gaza. Ƙarfen da ake yin ginshiƙan mota da shi yanzu ba na da ba ne. Akwai wanda ake haɗawa da sinadarin boron, a gasa shi ya yi ja, a matse shi a cikin mazubi ya huce nan take. Ƙarfinsa ya ninka na tsohon falanki sau da yawa, don haka ake iya yin sa siriri. Mun san shi a gareji, domin bakin dirila na yau da kullum ba ya huda shi, sai dai ya ƙone, kuma in ya lanƙwashe ba a sa masa wuta a miƙe shi, cire shi ake yi ɗungurungum a sa sabo. Da irin wannan ƙarfe ana iya yin ƙashin mota mai tauri ba tare da an tara nauyi ba. Kariya ta ƙara kilo, babu shakka, amma ba ita kaɗai ta ƙara kilo 400 ko 500 ba.

Abin da mu masu saye muka nema

Golf ta 1974 ba ta da esi, ba ta da sitiyari mai taimakon mai ko lantarki, gilashi da hannu ake ɗagawa, kujerunta 'yan sirara, cikin but ɗinta ana ganin fentin ƙarfe. Yau babu wanda zai saya haka. Esi kaɗai ya zo da kwamfureso da bututu da nasa lagireton. Kujera ta samu ƙarfe mai tauri da jakar iska a gefenta, wani lokaci da ƙananan injunan lantarki da ke matsar da ita. Abin da mutane ba sa gani shi ne kayan kashe ƙara: tabarmin roba da kwalta da auduga da aka shimfiɗa ƙarƙashin kafet, da bayan dashbod, da cikin rufi. In muka kwashe cikin mota don walda, tulin da ake fitarwa yakan ba baƙo mamaki. Shirun da kake ji in ka rufe ƙofar sabuwar mota, nauyi ne aka saya maka shi da shi.

Ga taya kuma. Golf ta farko inci 13 take takawa, yanzu ƙaramar mota na zuwa da inci 16 ko 17, wasu har 18, mafi yawa don kyan gani. Babban wili ya fi nauyi, yana son faffaɗar taya, ita kuma tana son babban gida a jikin bodi, gidan kuma yana cin filin ƙafar fasinja, sai a ƙara wa motar tsawo da faɗi don a mayar. A ƙarƙashi akwai kayan tace hayaƙi: tukunyar tace hayaƙi ta shigo Amurka a 1975, ta zama dole a Turai a farkon shekarun 1990, motocin dizal kuma daga baya suka ƙara matatar toka da tankin ruwan AdBlue mai rage gubar hayaƙi.

Abin da injiniyoyi suka fi tsoro shi ne nauyi yana haihuwa. Ka ƙara kilo 50 na kaya, sai birki ya nemi ƙari don ya tsayar da su, sifirin da shakazoba su nemi kauri, injin ya nemi girma don kada motar ta yi sanyi, babban injin ya nemi babban lagireto da giya mai ƙarfi, sannan bodin da zai ɗauki duk wannan a gwajin karo shi ma a ƙara masa ƙarfe. Kafin a gama zagayen, hamsin ɗin nan ta haifi 'ya'ya. Abin dariyar shi ne, bayan an tara duk wannan, sai aka waiwaya aka cire safaya daga motoci da yawa da sunan rage nauyi, aka ba direba kwalbar liƙi da ɗan famfo.

Inda gizo ke saƙar

A ganina babban dalilin yana kasuwa. Duk bayan shekara shida ko bakwai kamfani zai fitar da sabon zubi, kuma dole ya ba wanda ke da tsohon dalilin canzawa. Abu mafi sauƙin nunawa shi ne fili: ƙafa ta fi sakewa a baya, but ya ƙara lita kaza. Mujallun motoci ma da tef suke gwada mota da kishiyarta. Santimita biyar a wannan zubi, bakwai a na gaba, babu wanda ke lura, sai an jera zubi takwas a ga an ƙara fiye da rabin mita. Wanda ya sayi motar yana saurayi shi ma ya yi iyali, kamfanin kuma ba ya son ya koma wani gida, sai motar ta riƙa girma tare da shi.

Da suna ya hau sama, sai a buɗe sabon suna a ƙasa ya cike gurbi. Polo ta shigo ƙarƙashin Golf a 1975 da mita 3.5. Da ita ma ta girma, aka kawo Lupo a 1998, sannan Up a 2011, wadda tsawonta mita 3.54 ne, wato kusan inda Polo ta fara. Honda ya yi haka da Fit, wadda ake kira Jazz a wasu ƙasashe, a 2001, bayan Civic ta bar sahun ƙanana. Na shekaru da yawa ƙaramar mota ba ta ɓace ba, suna kawai take canzawa. Abin da ya sauya kwanan nan shi ne an fara cire matakin ƙasan gaba ɗaya. An daina ƙera Up a 2023, a shekarar ne kuma Ford ya rufe layin Fiesta a birnin Kolon na Jamus, motar da ake yi tun 1976. Dalilin lissafi ne. Kyamara, da na'urar taka birki da kanta, da kayan tace hayaƙi, kuɗinsu kusan ɗaya ne ko a ƙaramar mota ko a babba, amma ribar ƙarama 'yar kaɗan ce. In aka ɗauki ƙashin ƙaramar motar nan aka ɗaga ta sama, aka sa mata manyan tayoyi da siffar jif, kuɗin ƙera ta bai ƙaru sosai ba, amma ana sayar da ita da tsada. Nissan ya nuna hanya da Qashqai a 2007 da Juke a 2010, kowa ya bi. Puma mai siffar jif ce ta gaji Fiesta a wajen Ford.

Dokokin rage shan mai ma, da ake zaton za su hana, sun bar ƙofa a buɗe. A Amurka tun wajen 2011 ana auna abin da ake nema daga mota ne gwargwadon filin da ke tsakanin tayoyinta huɗu: mai babban fili ana sassauta mata. A Tarayyar Turai dokar 2009 ta ɗaura iyakar hayaƙin kowane kamfani da matsakaicin nauyin motocinsa, mai motoci masu nauyi ya samu rangwame. An yi haka ne don kada a tilasta wa kowa yin ƙananan motoci, amma sakamakon shi ne wanda ya rage girma bai ci ribar da ta kamata ba.

Sai tsoro. A ɗauka motoci biyu sun yi taho-mu-gama, kowacce na gudun kilomita 50 a awa, ɗaya kilo 800, ɗaya 1,600. In suka manne, babbar za ta tura ƙaramar baya da gudun wajen kilomita 17. Gudun babbar ya sauya da kilomita 33, na ƙaramar da 67, kuma wannan sauyin ne jikin mutum yake sha. Cibiyar IIHS ta Amurka, mai gwajin karon motoci, ta nuna haka a 2009 da ta haɗa Yaris da Camry, Fit da Accord, kowace ƙarama da yayarta ta gida ɗaya, ƙananan suka sha kashi duk da sakamakonsu mai kyau a gwajin bango. Uban da ya ga haka zai sayi babba, maƙwabcinsa ya sayi wadda ta fi ta, wanda ke tafiya a ƙasa ko a kan keke kuma shi ke biyan kuɗin wannan tsere, tunda bonet mai tudu ƙirji yake duka, ba ƙafa ba.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa girman nan zaɓi ne ba tilas ba, tana Japan da Indiya. A Japan akwai rukunin motocin da ake kira kei, masu sauƙin haraji da inshora, kuma tun 1998 iyakarsu tsawon mita 3.4, faɗin mita 1.48, injin cc 660. Fiye da shekara 25 ke nan ba su ƙara ko santimita ɗaya a tsawo da faɗi ba, suna da esi da jakar iska da birki mai taka kansa, kuma su ne wajen kashi ɗaya cikin uku na sababbin motocin ƙasar. Suzuki Alto ta can tana wajen kilo 700. Indiya ta rage haraji a 2006 ga motar da ba ta wuce mita 4 ba mai ƙaramin injin, sai ga motoci jingim masu tsawon mita 3.99, har da masu but da masu siffar jif. Inda aka ja layi aka sa kuɗi a kansa, injiniyoyi sun tsaya a bayan layin. Su ma kei ɗin, da aka hana su tsawo da faɗi, sama suka yi.

Batir

Motar lantarki ta ƙara wa abin gudu. Lita 40 ta fetur kilo 30 ce kawai. Batirin da zai kai ƙaramar mota tafiyar kilomita 300 da wani abu ya haura kilo 300, kuma ba ya raguwa in caji ya ƙare. Peugeot 208 ta 2019 misali ce mai kyau, domin bodi ɗaya ne ake sa wa fetur ko lantarki: mai lantarkin tana wajen kilo 1,450, ta fi mai fetur da kilo 300 ko fiye. Gaskiya ne nauyin yana ƙasa, yana taimaka wa zaman motar a kwana, kuma in an taka birki wani ɓangare na ƙarfin yana komawa batir. Amma taya ba ruwanta da wannan, nauyi take ji, kuma tana cinyewa da wuri. Dacia Spring ta nuna ana iya tsayawa ƙasa da tan ɗaya, in an yarda da ƙaramin batir da gajeriyar tafiya.

Ka tambayi batun shan mai. Motocin yanzu sun fi na da tsimi duk da ƙibarsu, saboda injin ya ci gaba ƙwarai, siffar bodi kuma ta fi ratsa iska. Abin da ya faru shi ne an kashe wani kaso na wannan riba wajen jan ƙarin nauyi. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce rage kashi 10 cikin 100 na nauyi yakan rage shan mai da kashi 6 zuwa 8. Kuma in kamfani ya sa kansa yana iyawa: Mazda2 ta 2007 ta fi wadda ta gada sauƙi da wajen kilo 100, Golf zubi na bakwai ta 2012 haka, Suzuki Swift ta 2017 ta sauko ƙasa da tan ɗaya, Mazda MX-5 ta 2015 ta fi ta 1989 gajarta. Audi ya gwada hanya mai tsada da A2, ƙaramar motar alminiyam ta 1999 mai wajen kilo 900. Mota ce mai wayo, amma kasuwa ba ta karɓe ta ba, aka daina ta a 2005.

Ga mai son ƙarama

Kada ka sayi suna, ka sayi awo. Sunan da ka sani a matsayin ƙaramar mota shekara 20 baya, yau matsakaiciya ce, don haka sauka mataki ɗaya ko biyu. Faɗi ya fi tsawo ba da wahala, tunda wurin fakin da ƙofar gareji ba sa girma: ƙungiyar Transport & Environment, mai bibiyar sufuri da muhalli a Turai, ta wallafa a 2024 cewa sababbin motoci a Turai na ƙara santimita ɗaya a faɗi duk shekara biyu, matsakaicinsu ya haura santimita 180. Faɗin da ake rubutawa a takarda sau da yawa ba ya haɗa madubai, kuma ƙofa mai kauri tana son fili kafin ka iya fita, saboda haka auna wurinka da tef kafin ka je. Wasu hukumomi sun fara cajin nauyi: Faransa ta sa haraji a 2022 kan sabuwar motar da ta wuce kilo 1,800, ta sauko da iyakar zuwa 1,600 a 2024, birnin Faris kuma ya ninka wa manyan motocin masu ziyara kuɗin fakin sau uku a shekarar.

Ba zan ba ka shawarar komawa motar shekarun 1970 ko 1980 don hawan yau da kullum ba, komai kyanta. Na ga yadda ginshiƙanta ke naɗewa. Nemi ƙaramar zamani mai na'urar hana santsi da jakar iska ta gefe, ka zaɓi ƙaramin wili da ƙaramin injin in akwai zaɓi, domin a mota ɗaya tsakanin mafi sauƙi da mafi kaya ana iya samun fiye da kilo 100. In kana duba taurarin Euro NCAP, ka duba shekarar gwajin, tunda ana tsaurara shi a kai a kai, kuma ka sani sakamakon karon gaba ana kwatanta shi ne tsakanin motoci masu kusancin nauyi, tauraro biyar na ƙarama ba daidai yake da biyar na jif ba. Sannan buɗe ƙofar direba ka duba ɗan allon da ke jikin ginshiƙi, wani lokaci yana ƙarƙashin bonet. Lamba ta farko mai kilo a kansa ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ta ɗauka. Cire nauyin motar daga ciki, abin da ya rage shi ne na mutane da kaya, kuma a wasu ƙananan motoci masu batir manya huɗu da jakunkunansu sun isa su cinye shi.